Kofi Don Tsohuwar Mota

Yana daga cikin al'amuran zamani waɗanda suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi musu tuntuntuni, yadda abin da mutanen wani ƙarni suka riƙa a matsayin kayan aiki kurum, suna hawansa zuwa gona da kasuwa, suna yasar da shi a bayan gida ran da ya gaza, yakan wayi gari a hannun jikokinsu ya zama abin girmamawa, ana shafe shi da ƙyalle mai laushi, ana tara alƙalai su zauna a kansa, har a miƙa wa mai shi kofi a gaban jama'a ana tafi. Mota ba ta wuce kimanin shekara 140 a duniya ba, in mun ƙirga daga 1886, shekarar da Karl Benz na Jamus ya karɓi takardar shaidar mallakar ƙirarsa. Amma a cikin wannan ɗan taƙin lokaci har ta riga ta sami tarihi, ta sami malaman wannan tarihi, ta kuma sami mazhabobi masu saɓani da juna a kan yadda ya kamata a adana ta, kowace mazhaba da hujjojinta da mabiyanta.

Abin da ya jawo ni ga wannan magana shi ne wani taro da ake yi kowace shekara a farkon watan Mayu, a harabar wata 'yar ƙaramar kwaleji da ke garin McPherson, cikin jihar Kansas, can tsakiyar Amurka inda ƙasa take shimfiɗe ba tudu, sai gonakin alkama iyakar ganin ido. Garin kansa kimanin mutum dubu goma sha huɗu ne, ɗaliban kwalejin kuwa ba su cika dubu ba, amma a wannan rana sai ka ga motoci ɗaruruwa sun cika filayen ciyawa da ke tsakanin azuzuwa da ɗakunan kwana, waɗansu an tuƙo su daga maƙwabtan garuruwa, waɗansu an ɗauko su a cikin rufaffun tireloli daga jihohi masu nisan kwana biyu. Ɗalibai ne ke shirya taron tun daga farkonsa har ƙarshensa, ta hannun wata ƙungiya tasu da ake kira C.A.R.S.; su ne ke aika goron gayyata, su ne ke tsara inda kowace mota za ta tsaya, su ne kuma ke zagayawa da baƙi cikin ɗakunan aikinsu suna nuna musu abin da hannuwansu suka yi a cikin shekarar. Akwai irin wannan taro a waɗansu jami'o'in ƙasar, kamar na jami'ar Northwood ta jihar Michigan, wanda ɗalibai suke gudanarwa tun 1964, sai dai can sababbin motoci ake bajewa, domin ciniki ake koya musu. Na McPherson dabam yake, gama abin da ake koyarwa a nan shi ne yadda ake ta da mota bayan ta mutu.

Kwalejin ba baƙuwa ba ce gare mu gaba ɗaya, ko da yake kaɗan daga cikinmu ne suka san haka. Wata ɗariƙa ta Kirista da ake kira Church of the Brethren ita ta kafa ta a 1887, kuma mishan na wannan ɗariƙa ɗin ne, Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka a Garkida ta ƙasar Adamawa a 1923, suka fara taronsu a gindin wata tsamiya, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo asali. Mutane ne da aka sani da ƙanƙan da kai, da ƙin yaƙi, da ƙin alfahari a cikin sutura da abin hawa, har ya zama abin mamaki a ce a makarantarsu ne motocin attajirai suka sami wurin jinya. Amma in aka duba da kyau za a ga ba mamaki sosai, domin mutanen da suka ɗauki aikin hannu a matsayin abin da ke da daraja a wurin Ubangiji, ba za su ga ƙasƙanci ba a ce ɗalibi ya shiga aji da safe ya karanta tarihi, da yamma kuma ya sa rigar aiki ya kama guduma.

A 1976 aka fara wannan fanni, sa'ad da wani attajirin garin mai suna Gaines Billue, wanda aka fi sani da laƙabin Smokey, ya ba kwalejin kyautar tsofaffin motoci fiye da ɗari tare da kuɗin kafa sashen. Shekaru kusan ashirin abin yana tafiya da ƙyar, ɗalibai kaɗan, malaman sauran fannoni suna kallonsa a matsayin gareji da ya ɓace hanya ya shigo makaranta, har ta kai ana shawarar rufe shi. Sai ga Jay Leno, wani mashahurin mai barkwanci na talabijin wanda ya tara motoci masu yawa a Kalifoniya, ya sami labari, ya kafa tallafin karatu ga ɗaliban a 1997, ya kuma riƙa ambaton makarantar inda duk ya sami dama. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, kuma ba tausayi kaɗai ba ne: duk mai irin waɗannan motoci ya san dattawan da suka iya gyaransu suna ta ƙarewa, wanda kuwa ya mallaki mota ta 1930 alhali babu mai iya zuba mata sabon dalma a mazaunin ƙarfen injinta, to, ya mallaki gunki ne kawai. Daga baya aka ɗaukaka karatun ya zama na digiri mai shekara huɗu, kuma ita ce kwalejin da aka sani da ba da irin wannan digiri a Amurka. Ana koyon sarrafa farantin ƙarfe da hannu har ya ɗauki lanƙwasar bodi, da sassaƙar katako, domin motocin farko ƙashin bodinsu na itace ne, da ɗinkin kujeru da fata, da fenti, da kwance inji a mayar, da tarihin sana'ar kanta.

A cikin abubuwan da ake nunawa ranar taron akwai guda ɗaya wanda, a ganina, ya fi duk kofunan da ake rabawa ma'ana. Ɗalibai sukan zube sassan wata mota ƙirar Ford Model T a kan ciyawa, inji a gefe, tayoyi a gefe, ƙashin mota a gefe, sa'an nan a ba su alama, su rufar mata, a cikin 'yan mintoci su haɗa ta, su murɗa hannun tayarwa, ta tashi tana kakkarwa, su hau su zagaya jama'a na sowa. Mai kallo zai ɗauka wasa ne, kuma lalle akwai wasa a ciki. Amma a tuna cewa wannan mota, wadda aka ƙera fiye da miliyan goma sha biyar nata tsakanin 1908 da 1927, ita ce wadda Henry Ford ya yi amfani da ita ya rusa tsohuwar hanyar ƙira, sa'ad da a 1913 ya kafa layi mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, ya tsayar da kowane ma'aikaci wuri guda ya ba shi aiki guda, wannan ya sa ƙusa, wancan ya ɗaure ta, har haɗa ƙashin mota da ke cin fiye da sa'a goma sha biyu ya dawo kimanin sa'a ɗaya da rabi, farashinta kuma ya faɗo daga dala 850 zuwa ƙasa da 300. Talaka ya sami abin hawa ta wannan hanya, wannan kuwa alheri ne wanda ba mai musunsa. Sai dai an biya kuɗinsa da wani abu, watau an raba ilmin mota gunduwa-gunduwa, ta yadda mutum zai yi shekara talatin a masana'anta bai san komai ba sai ƙusar da ke gabansa. Yaran nan da ke haɗa ta a kan ciyawa, kowannensu ya san ta daga lagireto har salansa, ya san dalilin da ya sa totur ɗinta yake a jikin sitiyari ba a ƙafa ba, ya san aikin kowane ɗaya daga cikin matakan ƙafarta uku. Ilmin da masana'anta ta warwatsa, shi ne makaranta take tattarawa bayan shekara ɗari, kuma da motar da aka warwatsa shi a kanta.

To, sai batun kyaututtuka, wanda a nan ne sauyin zamani ya fi bayyana. A irin waɗannan taruka na makarantu akan raba motoci aji-aji bisa shekarunsu da ƙasar da ta ƙera su, a fitar da zakara a kowane aji, a fitar da gwarzon taro baki ɗaya, sa'an nan a bar wa 'yan kallo kyauta guda su jefa ƙuri'a su zaɓi wadda ta fi burge su, ko da alƙalai ba su dube ta ba. A wurare da dama ma kofin kansa daga tsofaffin fistin da haƙoran giya ake walda shi. Wannan tsari ba a makarantu aka ƙago shi ba, gado ne daga manyan gasanni, kuma wanda yake son ya fahimci abin da ake nufi da mota mafi kyau, tilas ya koma ga waɗannan ya ga yadda ma'anar ta yi ta juyawa.

Asalin abin daga Faransa ne, tun zamanin keken doki, lokacin da masu sarauta da dukiya suke fita lambunan Paris suna nuna wa juna kekunansu da dawakinsu. Da mota ta zo sai ta gaji wannan al'ada, har a 1929 aka fara wata shahararriyar gasa a Villa d'Este, bakin tafkin Como na Italiya, inda masu ƙera bodi suke kawo sabon salon da suka fitar. Haka kuma da aka fara gasar Pebble Beach a gaɓar tekun Kalifoniya a 1950, wadda a yau ita ce ƙololuwar wannan fage, motar da ta ci kambi sabuwa ce fil, ƙirar wannan shekarar. Watau a farkon al'amari kyauta ta sabon abu ce, kuma a haƙiƙa ta aljihun mai saye ce. Sai a 1955 Phil Hill, wanda daga baya ya zama zakaran tseren motoci na duniya a 1961, ya shigo da wata Pierce-Arrow ta 1931 da ya gyara, ya ci gasar da ita. Daga nan akalar ta fara juyawa zuwa ga tsofaffin motoci, yabo kuma ya fara komawa ga mai gyara.

Da zarar an ce tsohuwar mota za a yi wa hukunci, sai wata mas'ala ta taso wadda ba ta taɓa tasowa ba a kan sabuwa, watau mas'alar inganci: shin wannan da ke gabanmu ita ce wadda aka ƙera, ko kuwa wata ce ta ari sunanta? Ba don in daidaita abin duniya da abin addini ba, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya ga yadda ake tahƙiƙin littafi, ana gwada kwafi da kwafi, ana bin riwaya daga wannan zuwa wancan har a kai ga mawallafi, ana rarrabe matani daga abin da wani mai kwafi ya cusa na kansa, to, ba zai rasa gane aikin alƙalin mota ba. Shi ma isnadi yake nema: wa ya saye ta daga masana'anta, wa ya gaje ta, a hannun wa ta kwana lokacin yaƙi. Yakan duba lambar da aka buga a jikin inji ya gwada ta da takardar da masana'anta ta rubuta ranar da motar ta fita, ya sunkuya ya dubi kan ƙusa ko irin na wannan shekara ne, ya taɓa waya ya ga ko da zare aka naɗe ta ko da roba, sa'an nan ya umurci mai ita ya ta da inji, ya kunna fitilu, ya danna ham, domin kyan da ba ya aiki ba a lissafa shi. Kowane kuskure a rage maki. Wata babbar ƙungiya ta masu tsofaffin motoci da aka kafa a Amurka a 1935, AACA, tana farawa ne daga maki 400 tana ragewa.

Amma ɗan Adam bai cika tsayawa a kan haddi ba. Da gasa ta yi zafi, dukiya kuma ta shigo, sai masu gyara suka shiga wuce gona da iri: inda masana'anta ta shafa baƙin fenti na talaka sai su zuba ƙarfe mai walƙiya, inda maƙerin farko ya bar alamar gudumarsa sai su goge ta, su yi ta fesa fenti ana gogewa har bodi ya zama madubi, ta yadda motar za ta fito da kamalar da ba ta taɓa samu ba ko a ranar da aka haife ta. Irin waɗannan motoci ba a ko tuƙa su, daga tirela sai ciyawa, daga ciyawa sai tirela. Shekaru da dama su ne ke kwashe kofuna, kuma a cikin wannan hidima an hallaka abin da ba shi mayuwa, gama fatar kujera da wani ya ɗinka a 1932, in an yage ta an jefar, babu dukiyar da za ta dawo da ita, kuma tare da ita an jefar da shaidar yadda mutanen wancan lokaci suke ɗinki. Wannan shi ne gyaran da ya fi ɓarna muni, domin mai yinsa yana zaton kyautatawa yake yi.

Farkawa daga wannan ta zo sannu a hankali. A 1998 masu gasar Pebble Beach suka ƙago wani zagaye a kan titi kafin ranar hukunci, suka ce in motoci biyu sun yi kunnen doki, wadda ta yi tafiyar ita ke da rinjaye. A 2001 suka buɗe aji na musamman ga motocin da ba a taɓa sabunta su ba, waɗanda aka kiyaye da fentinsu na asali ko da ya dusashe. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin ababen hawa, FIVA, ta fitar da wata yarjejeniya da aka sa wa sunan birnin Turin, wadda ta fara aiki a 2013, tana kira da a ɗauki mota kamar yadda ake ɗaukar tsohon gini, a rage taɓa ta, abin da aka taɓa kuma a rubuta. Ƙarshen wannan tafiya ya bayyana a watan Agusta na 2024, ranar da wata Bugatti Type 59 ta 1934, motar tsere wadda ta taɓa zama mallakar Sarki Leopold na Uku na Beljiyam, ta shigo da ƙujewarta da tsattsagewar fatarta, aka ba ta kambin gasar baki ɗaya, karo na farko da mota daga ajin waɗanda ba a sabunta ba ta kai wannan matsayi. A cikin shekara saba'in da huɗu, ke nan, kofi ya tashi daga hannun wanda ya iya saye, ya biya ta hannun wanda ya iya gyara, ya iso ga wanda ya iya kame hannunsa. Mu ma muna da misalin wannan fahimta, ko da yake ba gasa ce ta kawo ta ba: baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan da hujojin harsashi a jikinta, kuma da wani mai son gyara zai toshe su ya fesa mata fenti, kowa ya san cin amana ya yi.

A tsakiyar wannan juyi ne ɗaliban McPherson suka yi abin da ya sa aka san su a wajen Kansas. Makarantar ta ɗaura niyyar kai mota Pebble Beach wadda ɗalibai ne suka gyara ta da hannunsu, abin da da yawa suka ɗauka buri ne irin na yara, domin masu shiga wannan fage garejoji ne da suka yi shekaru arba'in suna aikin, ana biyansu abin da ya fi kuɗin gida. Suka zaɓi Mercedes-Benz 300 S ta 1953, mai rufin da ake naɗewa, wadda ba a ƙera irinta ba sai ɗari biyu da 'yan kai, mota mai inji silinda shida da kafireta uku, cikinta katako ne da fata, kusan komai nata aikin hannu ne. Suka kwance ta ƙusa-ƙusa, suka yi kimanin shekara bakwai a kanta, wanda ma'anarsa ita ce waɗanda suka fara kwancewa sun gama karatu sun tafi tun kafin a ɗaura taya, waɗanda suka ƙarasa kuwa ba su ga yadda take ba ranar da ta iso. Abin da ya haɗa na farko da na ƙarshe shi ne rubutu da hoto da bakin malami. A watan Agusta na 2023 motar ta hau ciyawar Pebble Beach, alƙalai suka yi mata irin binciken da suke yi wa kowa, ta zo ta biyu a ajinta. Kambin taron a waccan shekara wata Mercedes 540K ta 1937 ce ta ɗauka, wadda aka ƙera domin Sarkin Afganistan. Amma ni dai, da za a ba ni zaɓi, na biyun nan nake ɗauka, saboda abin da ya tabbatar shi ne sana'a tana iya wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da ta zube a hanya ba.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai mai ƙorafi, kuma ƙorafinsa yana da ƙarfi. Zai ce duk wannan lahawu ne na masu hannu da shuni, israfi ne da aka yi wa rawani da sunan tarihi, a duniyar da ake kwana da yunwa. Zai kawo hujja da cewa a 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR guda ɗaya a kan Yuro miliyan 135, ya tambaya asibiti nawa wannan zai gina. Ba ni da amsar da za ta wanke attajirai, ba kuma aikina ba ne in wanke su. Kuma gaskiya ne cewa mafi yawan yaran nan, in sun gama, motocin waɗannan attajirai za su yi wa hidima. Sai dai ina rarrabewa tsakanin mai mota da mai ilmin mota. Na farko yana iya sayarwa gobe ya koma tara agogo, na biyu kuwa abin da ke hannunsa, na sarrafa ƙarfe da gane ciwon inji da kunne da haƙurin bin abu har asalinsa, yana da amfani ko da an rufe dukan gasannin duniya. Shi ya sa nake ganin taron harabar makaranta ya fi na gaɓar teku tsabta, domin a harabar makaranta wata tsohuwar akori-kura da wani manomi ya gada daga ubansa tana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da motar miliyoyi, ɗalibi kuma yana iya kawo tasa da bai gama gyarawa ba, ƙofa ɗaya ja ɗaya fara, ba mai yi masa dariya.

Akwai wata ƙa'ida ta ƙungiyar AACA wadda duk lokacin da na tuna ta sai in yi murmushi, ita ce mota tana shiga sahun tsofaffi da zarar ta cika shekara 25. Bisa wannan hukunci, da yawa daga cikin motocin da ke jigilar mutane tsakanin Kano da Katsina, da waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano a sayar mana a matsayin sababbi, sun cancanci a jera su a ciyawa a ba su lamba. Abin da ɗaliban McPherson suke koyo a aji da kuɗin makaranta, kanikawanmu sun daɗe suna yinsa a gindin bishiya saboda larura, gama mu ba mu taɓa samun wadatar da za mu yar da mota don ta tsufa ba. Na san zamanin da bakanike zai sa sukuddireba a kunne ya ɗora bakinta a kan inji ya gaya maka abin da ke damunsa, zamanin da in wani ƙarfe ya karye babu irinsa a kasuwa, sai a nufi Panteka a Kaduna a zuba sabo. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka daina a can a 1983, masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000, kuma ba don komai ta yi wannan tsawon rai a wurinmu ba sai don akwai dubban hannuwa da suka san ta ciki da waje. Yanzu mota ta koma kwamfuta mai taya, ana jona mata na'ura ta faɗi ciwonta, a cire abin da ya lalace a sa wani, yaron gareji kuma yana tashi da sanin canji ba da sanin gyara ba. Ba na kuka da wannan, domin sabuwar mota ta fi tsohuwa kiyaye rai da man fetur, kuma wanda ya taɓa kwana a daji saboda kafireta ta toshe ba zai yi begen wancan zamani da yawa ba. Abin da ke damuna shi ne bambanci guda: su sun rubuta nasu, sun ba shi digiri, sun keɓe masa rana a shekara, namu kuwa yana cikin ƙirjin mutane, ba ijaza, ba littafi, in mutum ya kwanta dama sai a binne shi da ɗakin karatunsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasarmu, musamman na Kaduna inda abin ya faru a ƙofar gidansu, da su nemi 504 guda ɗaya haɗin Kakuri wadda ba a riga an ɓata ta ba, su sa ɗalibai su kwance ta su mayar a ƙarƙashin dattawan da suka haɗa irinta tun farko, a rubuta kowane mataki da Hausa da Turanci, kuma ran da za a ba ɗalibi lambar yabo a kira sunan ubangidansa tare da nasa. Ba a bukatar attajiri daga Kalifoniya kafin a fara wannan, amma ana bukatar gaggawa, domin wanda ya shiga masana'antar nan yana ɗan shekara ashirin a 1975, yau ya kai saba'in.